Lamba 67 da Cikin Matan Illela: Martani ga Richard Lynn

A shekarar 2002 wani Baturen Ingila masanin halayyar ɗan Adam, Richard Lynn, da abokin aikinsa Tatu Vanhanen na ƙasar Finlan, suka fitar da littafi mai suna IQ and the Wealth of Nations. A cikinsa suka jera ƙasashen duniya suka liƙa wa kowace lamba, wadda suka ce ita ce matsakaicin kaifin basirar mutanenta. Birtaniya ta samu 100. Nijeriya aka ba ta 67. Don a gane nauyin wannan lamba, a wajen likitocin da ke amfani da irin wannan awo, wanda ya gaza 70 ana fara bincikarsa ne a kan ko yana da naƙasar fahimta. Ke nan littafin yana cewa ɗan Nijeriya na tsaka-tsaki, wanda ba haziƙi ba kuma ba daƙiƙi ba, a wannan sahu yake.

Lynn bai tsaya nan ba. A wani littafin da ya fitar a 2006 kan bambancin basira tsakanin jinsunan mutane, ya amince cewa yunwa da cuta suna rage wani abu, amma ya dage cewa ko an kawar da su akwai giɓin da ke cikin jini, wanda kakanni suka gadar. Hujjarsa ita ce tsananin sanyin Turai da arewacin Asiya ne ya tace masu basira a can tsawon dubban shekaru, ɗumin Afirka kuwa ya bar kowa ya rayu ya hayayyafa. Jami'ar Ulster ta janye masa muƙamin girmamawa a 2018, ya rasu a 2023, amma lambar tasa ba ta bi shi kabari ba.

Har yau tana yawo a Facebook da WhatsApp cikin jerin ƙasashe, kuma abin takaici, 'yan Nijeriya na cikin masu yaɗa ta da hannunsu. Tana samun masauki cikin sauƙi domin ta tarar da 'yar'uwarta a gida. Ba yau aka fara jin malamin firamare yana cewa 'yan gidan wane ba su da kai ba, ko dattijo ya kashe magana da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan martani ga Lynn ne, amma ya shafi duk mai ganin an gama yanke wa ƙwaƙwalwar yaro hukunci tun ranar da aka ɗaura auren iyayensa.

Amsa mafi sauƙi tana bakin iyakar Illela. Duk wanda ya tsaya wurin 'yan canji ranar Lahadi, ranar kasuwa, ya ga yaron da bai gama firamare ba yana karɓar kuɗin sa daga bakin mutumin Ƙonni a dala, ya ninka sau biyar ya mayar da shi sefa, ya juya shi naira a kan canjin wannan safiyar, ya fitar da ribarsa, duk kafin mai waya ya gama danne-danne. Sai dai wannan amsa ba ta wadatar ba. Mabiyan Lynn za su ce an tsinto masu wayo ne aka bar saura. Kuma mai tsayawa kan alfahari kaɗai zai kawar da kai daga wata gaskiya mai ɗaci: akwai yara a ƙauyukan Illela da Gada da Gwadabawa da ake haifa da ƙwaƙwalwar da ba ta kai inda ya kamata ta kai ba. A kan dalilin haka ne gardamar take.

Ita lambar kanta ba sai an daɗe a kanta ba. Cikin ƙasashe 185 da littafin ya jera, 104 ba a gwada kowa a cikinsu ba, ƙiyasi aka yi daga maƙwabtansu. Lambar Nijeriya ta fito daga tsofaffin gwaje-gwaje biyu, ɗaya an buga shi a 1969 ɗaya a 1975, waɗanda duk mutanen da aka gwada ba su kai 500 ba. Ƙasar Ikwatoriyal Gini aka ba ta 59, daga baya aka gano yaran da aka ɗauko lambar daga gare su ba ma 'yan ƙasar ba ne, masu naƙasar ƙwaƙwalwa ne a wani gidan kulawa a Sifen. A 2010 Jelte Wicherts na Jami'ar Amsterdam da abokan aikinsa suka bi gwaje-gwajen Afirka ɗaya bayan ɗaya, suka tarar Lynn ya riƙa watsar da waɗanda 'yan Afirka suka ci da kyau ba tare da wata ƙa'ida tsayayya ba. Da aka haɗa su, matsakaicin ya koma wajen 80, kuma a kan jarrabawar da aka tsara don yaran Turai masu zuwa makaranta.

To amma a ce an bar masa lambarsa. Babban ramin da ke cikin maganarsa yana wani wuri, cikin watanni tara da ɗan Adam ke yi a mahaifa. Lynn yana magana kamar gado abu ne da ake miƙa wa ɗa a kammale. Binciken da aka yi kan ƙwaƙwalwar ɗan tayi tun daga 2011 ya nuna ba haka lamarin yake tafiya ba.

Kowace ƙwayar halitta mai cibiya a jikin mutum, ta hanta ce ko ta fata ko ta ƙwaƙwalwa, tana ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya, wajen 20,000 da ke sarrafa furotin. Abin da ya bambanta hanta da ƙwaƙwalwa shi ne waɗanne ne ke aiki, a ina, yaushe, kuma da wane ƙarfi. Mutumin Illela ya san wannan a kasuwarsa. Ranar Talata rumfunan duk suna nan, babu wadda ta ɓace, amma ba a ce kasuwa ta ci ba sai an buɗe su, kowace a kan lokacinta, kaya kuma sun iso. Mai ƙirga rumfuna bai san cinikin da aka yi ba. Haka mai ƙirga ƙwayoyin gado bai san ƙwaƙwalwar da aka gina ba.

A 2011 ƙungiyar Nenad Sestan ta Jami'ar Yale ta buga wani aiki a mujallar Nature. Sun duba sassa 16 na ƙwaƙwalwar mutum 57, tun daga ɗan tayi na makonnin farko har zuwa tsofaffi. Suka tarar kashi 86 cikin 100 na ƙwayoyin gadon da suka bincika suna aiki a ƙwaƙwalwa a wani mataki, kuma kashi 90 cikin 100 na waɗannan suna sauya ƙarfin aikinsu daga wannan sashe zuwa wancan, ko daga wannan lokaci zuwa wancan. Mafi girman wannan bambanci kafin haihuwa yake faruwa. A 2014 Cibiyar Allen da ke Siyatil ta ƙara da taswirar ƙwaƙwalwar 'yan tayi 4 masu mako 15 zuwa 21, inda ta auna aikin ƙwayoyin gado a wajen wurare 300.

Abin da taswirorin suka nuna aiki ne mai jeri, wanda ba ya jiran kowa. Zuwa kwana 28 da shigar ciki, wani siririn bututu da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya ya riga ya rufe. Daga nan ƙwayoyin da ke bangon cikinsa su shiga rabuwa, suna haifar da ƙwayoyin jijiya. Kowace sabuwa sai ta kama wani zare ta hau, ta wuce yayyenta, ta tsaya a saman su, har ɓawon ƙwaƙwalwa ya jeru hawa shida, na ciki ya riga na waje. Babban mutum yana da wajen ƙwayoyin jijiya biliyan 86 a kansa, kuma mafi yawan na ɓawon ƙwaƙwalwar an samar da su tun ciki bai wuce rabinsa da yawa ba. Kowane mataki yana da rukunin ƙwayoyin gadon da ke tashi su yi aikinsu su lafa. Matakin da aka tsallake ba a dawowa a cike shi bayan suna.

Akwai wani binciken da aka buga a mujalla ɗaya, a shekara ɗaya da na Yale, wanda ya taɓa maganar Lynn kai tsaye. Carlo Colantuoni da abokan aikinsa a Amurka sun auna aikin ƙwayoyin gado a gaban ƙwaƙwalwa, sashen da ke riƙe da shawara da tsari, a jikin mutum 269, daga 'yan tayi zuwa tsofaffi, baƙar fata da farar fata. Suka ga saurin sauyin ya fi tsanani a mahaifa fiye da kowane lokaci na rayuwa. Suka kuma ga cewa duk da miliyoyin ƙananan bambance-bambancen da ke cikin DNA tsakanin mutum da mutum, har da tsakanin baƙi da fari, tsarin aikin ƙwayoyin gado gaba ɗayansa iri guda ne. Gaskiya ne ba basira suka auna ba. Amma in da akwai wani gagarumin giɓi na asali irin wanda Lynn ya gina sunansa a kai, nan ne wurin da za a fara neman sawunsa.

An ma taɓa zaton an kama shi. A 2005 Bruce Lahn na Jami'ar Chicago ya ba da rahoton wasu sababbin nau'o'i na ƙwayoyin gado biyu, ASPM da microcephalin, waɗanda ke aiki a lokacin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke rabuwa. Ya ce nau'o'in sun yawaita a Turai da Asiya, sun yi ƙaranci a Afirka kudu da Sahara. Masu ra'ayin fifikon jinsi suka yi ta murna. Shekara biyu bayan haka, a 2007, shi Lahn ɗin da wasu suka gwada fiye da mutum 2,000, suka tarar mai sabon nau'in bai fi mai tsohon basira ba.

Idan a ginin ba a samu giɓin ba, sai a duba kayan ginin. A nan ne labarin ya sauko Illela.

A fara da aidin. A wuyan mutum akwai wani ƙulli da ake kira tayrod, wanda in ya kumbura Bahaushe ke ce masa maƙoƙo. Yana fitar da sinadarin da ba ya haɗuwa sai da aidin. Wannan sinadari yana shiga har cibiyar ƙwayar halitta, ya kama wani furotin da ke zaune a kan DNA, ya tayar da ƙwayoyin gadon da ke jagorantar hawan jijiyoyi zuwa mazauninsu da kuma lulluɓe su da kitsen da ke sa saƙo ya yi gudu. Ɗan tayi ba ya iya samar da nasa da yawa sai wajen tsakiyar ciki. Kafin nan, a jinin uwa yake ci. Uwar da ba ta da aidin, ko ɗanta ya gaji ƙwayoyin gado mafi kyau a duniya, wasunsu ba za su tashi a kan lokaci ba.

An gwada wannan a zahiri. A kwarin Jimi na Papuwa Niyu Gini, daga 1966, Peter Pharoah da abokan aikinsa suka yi wa wasu iyalai allurar mai mai aidin, wasu kuma ruwan gishiri kawai. A rahoton da suka buga a 1971, cikin yara 534 na matan da ba su samu aidin ba, 26 aka haifa da mummunar naƙasar ƙwaƙwalwa, wasu kurame kuma bebaye. Cikin yara 498 na waɗanda suka samu, 7 ne, kuma 6 daga cikinsu iyayensu mata suna da ciki tun kafin allurar. Mutanen kwari ɗaya ne, ƙauyuka ɗaya. A Amurka kuwa an fara zuba aidin a gishiri a 1924, kuma masana tattalin arziki da suka bi takardun waɗanda aka ɗauka soja a Yaƙin Duniya na Biyu sun ƙiyasta cewa a yankunan da suka fi fama da ƙarancinsa, makin basira ya tashi da wajen 15. Turawa ne waɗannan, kakanninsu sun sha sanyin da Lynn ke yabo, amma sai da gishiri ya ɗaga su.

Nijeriya ta wajabta zuba aidin a gishiri a 1993, kuma a 2005 ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka ba shaidar cika wannan buri. Abin yabo ne. Amma doka a masana'anta take kamawa, garin iyaka kuwa yana da hanyoyin gishirinsa tun kafin a yi Nijeriya. Gishirin Bilma da ayari ke saukowa da shi, da na kwarin Foga, haƙo su ake yi ko a dafa a gargajiyance, ba sa bi ta injin da ke zuba aidin. Shi ma na buhu, in aka juye shi a tasa aka bar shi a buɗe cikin rana da raɓa ana aunawa, yana iya rasa wani kaso. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki na buƙatar maikirogiram 250 na aidin a rana, fiye da na sauran manya. Wane gishiri ke cikin miyar amarya a Kalmalo ta Illela tambaya ce ta ƙwaƙwalwar ɗanta.

Sai folik asid. Bututun nan da ke rufewa a kwana 28, in bai rufe ta sama ba, a haifi jariri ba cikakken ƙoƙon kai, ba ya rayuwa. In ta ƙasa ne, a haife shi da ƙullutu a gadon baya, sau da yawa ƙafafu ba sa motsi, ruwa kuma ya taru a kai har ya yi girma. Irin waɗannan jarirai ne ake ɗaukowa daga Sakkwato da Kebbi da Zamfara zuwa cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A gida kuwa a ce aljanu ne suka musanya, ko a ɗora wa dangin uwa. A 1991 wani babban gwaji da Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta jagoranta ya nuna folik asid ya rage maimaituwar wannan matsala da kashi 72 cikin 100 ga matan da suka taɓa haifar irin wannan jariri. Dalilin a fili yake: sinadarin yana cikin abin da jiki ke haɗa DNA da shi, yana kuma samar da 'yan alamomin da ake ɗora wa DNA don a rufe wata ƙwayar gado ko a bar ta a buɗe.

Matsalar tana wajen lokaci. A kwana 28 mace ba ta ma tabbatar da ɓatan wata ba. In cikin fari ne, kunya za ta hana ta faɗa wa ko uwar miji, tsoron baki kuma ya sa a ɓoye har sai zane ya kasa rufewa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Jihar Sakkwato wajen mace 1 cikin 4 ce kawai ta ga ƙwararren ma'aikacin lafiya don awon ciki, waɗanda suka haihu a asibiti kuwa ba su kai 1 cikin 10 ba. Ko wadda ta je, in ta je a wata na biyar, ƙwayar ƙarin jinin da za a ba ta za ta amfane ta, amma bututun ya daɗe da yanke hukuncinsa. Gwamnati na sa a ƙara sinadarai a fulawar masana'anta, alhali tuwon Illela da furarta na geron da aka surfa a gida aka kai injin unguwa ne.

Wannan binciken na 2018 ya kuma nuna kashi 74 cikin 100 na matan Sakkwato masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, mafi yawa a duk jihohin ƙasar, kuma fiye da rabin yaran jihar 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi tana buƙatar sinadarin ƙarfe don gina sashen da ke riƙe tunawa da kuma lulluɓe jijiyoyi. Zazzaɓin cizon sauro yana ƙara dagula lissafi, domin ƙwayoyinsa suna maƙalewa a mabiyiya, musamman a cikin fari, su rage abin da ke isa ga ɗa. Shi ya sa ake ba masu ciki maganin rigakafinsa daga mako na 13, aƙalla sau uku. Wadda ba ta je awo ba, ba ta samu ko ɗaya ba.

Ba rashi kaɗai ke ɓarna ba, har da abin da ke shiga. Maƙwabciya Zamfara ta ga haka a 2010, lokacin da gubar dalma daga dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Dalma tana kwaikwayon sinadarin da ke gina ƙashi, ta ɓuya a ƙashi shekaru, ta fito ta shiga jini lokacin da mace ke da ciki, ta ratsa mabiyiya. Yarinyar ƙauyen Bagega na can da ta tsira a wancan lokaci, yau ta kai munzalin aure. Kuma ba sai an je ramin zinariya ba. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan iyayen Nijeriya a Boston da aka samu dalma a jininsa, aka bi sawu har zuwa kwallin da ake sa masa, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Kwallin dutse yana cikin kayan kwalliyar gidaje da yawa a ƙasar Hausa.

Mai shakka zai tambaya ko akwai shaidar cewa abincin uwa yana taɓa DNA ɗin ɗa. Akwai, kuma mafi kusa da mu daga Gambiya ta zo, daga ƙauyukan Keneba da kewaye, inda manoma ke rayuwa irin ta Sahel: rumbu ya cika bayan kaka, ya yi ƙasa da damina lokacin da aikin gona ya fi tsanani. A 2014 masu bincike a can suka nuna cewa jariran da aka ɗauki cikinsu da damina suna da yawan waɗannan alamomi a kan wasu ƙwayoyin gado 6 fiye da waɗanda aka ɗauki cikinsu da rani, kuma bambancin yana bin sinadaran da ke jinin uwa a lokacin shigar cikin. A jini da saiwar gashi suka auna, amma sun zaɓi wuraren da ake sa wa alama tun ɗan tayi yana 'yan kwanaki, kafin sassan jiki su rabu.

Holan ma ta ba da nata darasi. A hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus suka toshe abinci, rabon mutum ya faɗo ƙasa da kalori 1,000 a rana. Bayan shekara 60, aka tarar waɗanda aka ɗauki cikinsu a lokacin suna da ƙarancin alama a kan ƙwayar gadon girma mai suna IGF2 in an gwada da 'yan'uwansu uwa ɗaya uba ɗaya. An kuma samu ciwon taɓin hankali mai tsanani ya ninka kusan sau biyu a cikinsu. Adalci ya sa a ambaci ɗayan ɓangaren: da aka duba jarrabawar shiga soja ta samarinsu, ba a ga basirarsu ta ragu ba. Sai dai yunwar Holan ta 'yan watanni ce, ta sami mata masu ƙoshi, ta wuce, yaran suka tashi da madara da makaranta. Ta yankin Illela da Ƙonni kowace damina take dawowa, wani lokaci da ƙarfi irin na 2005 da ya addabi jihohin Tawa da Maraɗi bayan fari da fara. Bayan wannan kuma aka rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. A garin da abincinsa ke rataye da zirga-zirgar iyaka, in ciniki ya tsaya cefane ne ke fara raguwa, kuma a gidaje da yawa mace ce ke cin abin da ya saura.

Babu mai hankalin da zai ce gado ba shi da tasiri. Bahaushe ya ga sikila, ya san yadda take bin jini. Ƙwayar ASPM ɗin nan ma an gano ta ne a iyalan arewacin Fakistan masu yawan auren zumunci, inda ake haifar yara da ƙaramin kai idan uwa da uba duk suna ɗauke da lalataccen nau'i. Wannan gargaɗi ne da ya shafe mu, kuma gidan da irin wannan haihuwa ta maimaitu ya kamata ya nemi shawarar likita kafin a sake haɗa 'yan'uwa. Tsakanin yara biyu da suka sami ciki mai lafiya da abinci iri ɗaya, gado yana da hannu a bambancinsu. Kuskuren Lynn shi ne ɗaukar wannan gaskiya ta tsakanin mutum da mutum ya shimfiɗa ta a kan al'ummomi biyu da cikin iyayensu mata bai taɓa zama iri ɗaya ba. Ba a kwatanta ɗan matar da ta ci aidin da ƙarfe da folik asid, ba sauro ba dalma, da ɗan wadda ta rasa ukun ta gamu da biyun, sannan a ce ragowar na jini ne. Ba wanda ya taɓa auna wannan ragowa, domin ba a taɓa daidaita farkon ba.

Inda aka fara daidaitawa kuwa, lamba tana motsi. A yankin Embu na karkarar Kenya an yi wa yara jarrabawa iri ɗaya a 1984 da 1998, makin ya yi tsalle mai yawa cikin shekara 14, a daidai lokacin da abinci ya inganta, iyaye mata masu karatu suka ƙaru. Ƙwayoyin gadon al'umma ba sa canzawa a shekara 14.

Illar maganar Lynn ta wuce cin fuska. Gwamnan da ya yarda matsalar ta jini ce ba shi da dalilin sayen ƙwayar ƙarin jini. Mijin da ya yarda ɗa kan gaji kan ubansa ne kawai ba zai ga alaƙar hantar da ya ci a tasha da cikin matarsa ba. Alhali abin da ake buƙata yana cikin kasuwar Illela, kuma ba shi da tsada: wake, gyaɗa, zogale, rama, alayyahu, ƙwai, kifi, gishirin leda mai aidin a rufe, gidan sauro, da ƙwayar folik asid ta maikirogiram 400 a rana.

Abu ɗaya ne sai an sauya, wato lokacin farawa. Tunda aikin farko yana ƙarewa kafin mace ta san tana da ciki, jiran ranar awo jinkiri ne. Gwajin jini kafin aure ya fara karɓuwa a Arewa, har Kano ta mayar da shi doka a 2024. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato ta sa duk budurwa ko bazawarar da ta zo wannan gwaji a Illela da sauran ƙananan hukumomi ta koma gida da folik asid na wata uku, a kuma duba ƙarfin jininta a wannan zama. Limaman da ke ɗaura aure su tambayi waliyyai ko an yi haka, kamar yadda suke tambayar sadaki. Iyaye mata da ke haɗa kayan gara su sa gishiri mai aidin a ciki, su cire kwallin dutse. Maigida kuma, ranar da iyalinsa ta ce masa ba ta ga wata ba, ya kai ta awo a wannan makon, kada ya jira ciki ya fito.